Daga Minjirya Zuwa Na'ura: Tarihin Jiyyar Ciwon Jijiyoyi da Wutar Lantarki

1.0 Gabatarwa

Akwai wani kifi mai sulɓin fata da ake samu a kogin Kwara da Binuwai da tafkin Chadi da kogin Nilu, wanda Hausawa ke kira minjirya. Duk wanda ya taɓa shi da ransa, sai ya ji wani abu ya fizge shi tun daga yatsa har kafaɗa, hannun kuma ya yi dindiris na ɗan lokaci. Da wannan kalma dai ake kiran tsikarin nan da mutum kan ji idan ya daɗe zaune bisa ƙafarsa har ta yi nauyi. Girkawan dauri ma haka suka yi. Kalmarsu ta narke tana nufin mutuwar gaɓa, tana kuma nufin wani faffaɗan kifin teku mai irin wannan hali. Watau al'ummu biyu da ba su haɗa harshe ko zamani ba sun lura cewa abin da kifin kan jawo wa jiki ya yi kama da abin da jijiya kan yi idan ta sami matsala.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda ɗan Adam ya yi ta ƙoƙarin jiyyar ciwon jijiyoyi da wutar lantarki, tun daga zamanin kifi har zuwa zamanin na'urar da ake dasawa cikin jiki. Abin da tarihin ya nuna shi ne, tun farko an tabbatar wutar tana iya kwantar da zafin ciwo na wani lokaci, amma a kowane zamani an sami masu ɗaukar kwanciyar ciwo a matsayin warkewar cuta. Bambance waɗannan abubuwa biyu shi ne aikin da ya ci masana kusan shekara dubu biyu.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kalmar jijiya a Hausa tana da faɗi. Ana kiran hanyar jini jijiya, ana kiran agara jijiya, ana kuma kiran farin zaren nan mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi jijiya. Wannan ta ƙarshe ita ake nufi a nan. Jijiyoyin saƙo sun kasu gida biyu: na tsakiya, watau ƙwaƙwalwa da lakar da ke cikin ƙashin baya, da kuma na gefe, waɗanda suka fito daga laka suka bazu cikin hannuwa da ƙafafu da sauran jiki. Cutar da ake magana a kanta ita ce lalacewar jijiyoyin gefe. Galibi takan faro daga yatsun ƙafa, domin jijiyoyin da suka fi tsawo su suka fi saurin raunana, sa'an nan ta riƙa hawa sama sannu a hankali. Mai ita yakan ji ƙuna a tafin ƙafa, ko suka kamar ta allura, ko minjirya, musamman da dare. Idan ta yi nisa sai ji ya ɗauke gaba ɗaya. Ciwon sukari ne babban sanadinta a duniyar yau. Akwai kuma kuturta, da yawan shan barasa, da ƙarancin sinadarin B12, da cutar ƙanjamau, da wasu magungunan kansa da na tarin fuka.

Ita kuwa kalmar lantarki, Hausa ta aro ta ne daga Ingilishi, asalinta kuma Girkanci ne, daga elektron, sunan wani daskararren ƙaro wanda idan an goge shi yakan jawo tsinke. William Gilbert, likitan Sarauniyar Ingila, shi ya yi amfani da wannan tushe a littafinsa na shekarar 1600. Kalmar Larabci ta kahraba ma daga sunan wannan ƙaro take a Farisanci.

3.0 Zamanin Kifi

Misirawan dauri sun san minjirya, domin an sassaƙa siffarta a bangon kabarin wani babban ma'aikaci mai suna Ti da ke Saƙƙara, kimanin shekara 2400 kafin Miladiyya. A ƙasar Girka kuma Aflatun ya kamanta malaminsa Suƙuraɗu da kifin narke, saboda yadda tambayoyinsa kan sa bakin abokin muhawara ya mutu. Amma rubutu mafi daɗewa da ya bayyana jiyya da kifin shi ne na Scribonius Largus, likitan da ya yi aiki a fadar Rum zamanin Sarki Claudius. A littafin magungunansa na wajen shekara ta 47 Miladiyya, ya yi umurni a ɗora kifin da ransa a inda kai ke ciwo har wurin ya yi dindiris. Ga mai ciwon gaɓoɓin ƙafa kuwa, ya ce ya tsaya a bakin teku inda ruwa ke wanke yashi, ya taka kifin har ƙafar ta mutu zuwa gwiwa. Ya ambaci wani 'yantaccen bawan Sarki Tiberius, mai suna Anteros, wanda ya sami sauƙi ta wannan hanya.

Abin lura a nan shi ne ma'aunin da Scribonius ya kafa. Ana ci gaba da jiyyar har sai gaɓa ta mutu, watau har sai ji ya ɗauke. Tun daga wannan rubutu na farko an ga cewa aikin kifin kashe zafi ne.

A ƙarni na biyu, Jalinus ya jarraba kifin da kansa. Ya ga mataccen kifi ba ya komai, mai rai kuwa yana rage ciwon kai. Da yake a lokacin ba a san lantarki ba, ya jingina abin ga wani irin sanyi mai daskarar da gaɓa. Likitocin ƙasashen Musulmi sun gaji wannan bayani. Larabawa suna kiran kifin ra'ad, kalmar da ta fito daga tushen tsawa da makyarkyata. Ibn Sina ya ambace shi cikin magungunan ciwon kai, Abdullaɗif al-Bagdadi kuma, wanda ya zauna a Masar a ƙarshen ƙarni na 12, ya siffanta na kogin Nilu da irin girgizar da yakan jawo wa masunta. A Afirka ta Yamma, 'yan mishan na Sikotilan da suka zauna a Kalaba a tsakiyar ƙarni na 19 sun ba da labarin yadda iyaye mata kan saka minjirya a ruwan wankan yaro marar lafiya. Binciken zamani ya nuna babbar minjirya na iya fitar da wuta mai ƙarfin bolt 350, watau fiye da ta soket ɗin gida, sai dai takan zo ne a taƙaitattun bugu.

4.0 Zamanin Kwalba da Batir

A shekarun 1745 da 1746 aka gano hanyar tara lantarki cikin kwalba a Jamus da kuma garin Leiden na Holan. Nan da nan aka fara gwada ta a kan marasa lafiya. A ƙarshen 1747 Jean Jallabert, malamin kimiyya a Janeba, ya yi ta bugun hannun wani maƙerin makullai wanda ya shanye shekaru da yawa, ya ga tsokoki suna zabura ɗaya bayan ɗaya, ya kuma ba da rahoton cewa hannun ya sami motsi. Labarin ya bazu a Turai. A Ingila, John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Methodist, ya sayi na'urori yana yi wa talakawan Landan jiyya kyauta, a 1760 kuma ya fitar da ɗan littafi yana yaba wa lantarki bisa cututtuka masu yawa, musamman na jijiyoyi.

Ba kowa ne ya ruɗu ba. Benjamin Franklin na Amurka ya yi shekaru yana gwada wutar a kan masu shanyewar jiki da ke zuwa gidansa a Filadelfiya. A wasiƙar da ya rubuta wa likita John Pringle a 1757, ya bayyana cewa yakan ga ɗan sauƙi a kwanakin farko, amma bai taɓa ganin wanda ya ɗore ba. Ya ƙara da cewa wataƙila wahalar tafiyar zuwa gidansa, da sa ran samun lafiya, su ne suka motsa gaɓoɓin. Wannan tambaya ta Franklin, ko aikin wuta ne ko na sa rai, ita ce ta ci gaba da bin wannan jiyya har yau.

An sami amsa ta farko a 1799. Wani likitan Amurka, Elisha Perkins, ya ƙera wasu 'yan sanduna biyu na ƙarfe, ya sami takardar mallakarsu a 1796, yana cewa suna zuƙe mugunyar lantarki daga jiki idan an shafa su a kan ciwo. Ana sayar da su da tsada ƙwarai a Landan. Sai John Haygarth, likita a garin Bath, ya sa aka sassaƙa irinsu da itace, aka shafe su da fenti, aka gwada a kan mutum biyar masu daɗaɗɗen ciwon gaɓoɓi. Huɗu daga cikinsu suka ce sun sami sauƙi. Washegari aka yi amfani da na ƙarfen, sakamako bai bambanta ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma darasin da ya fito daga wannan gwaji ya wuce tona asirin Perkins. Marasa lafiyan nan gaskiya suka faɗa, sun ji sauƙi. Saboda haka shaidar majiyyaci ita kaɗai ba ta isa hujja ba, sai an kwatanta na'urar gaske da ta bogi.

A daidai wannan lokaci kimiyyar kanta tana ci gaba, kuma kifi ne ya yi mata jagora. Michel Adanson, Bafaranshe masanin halittu, ya taɓa minjirya a kogin Sanagal a 1751, ya kamanta bugunta da na kwalbar Leiden. A 1772 John Walsh ya gudanar da gwaje-gwaje a garin La Rochelle na Faransa, ya nuna bugun kifin teku yana bin waya da jikin mutane, amma gilashi na tare shi, kamar dai lantarki. A 1791 Luigi Galvani na Bolonya ya wallafa bincikensa a kan ƙafafun kwaɗi, inda ya kafa hujjar cewa jijiya da tsoka suna aiki da lantarkin da ke cikin jiki. Alessandro Volta ya yi jayayya da shi, cikin jayayyar kuma ya ƙirƙiro batir a 1800, ta hanyar jera faya-fayen ƙarfe iri biyu, ya kuma kamanta shi da gaɓar da kifin ke fitar da wuta da ita. A 1831 Michael Faraday ya gano yadda maganaɗisu ke haifar da lantarki, abin da ya ba likitoci damar samun wuta mai yankewa da dawowa, wadda za a iya ƙara ƙarfinta ko a rage.

5.0 Ƙarni na 19: Likitoci da 'Yan Kasuwa

Da samun waɗannan kayan aiki sai jiyyar ta shiga asibitoci. Asibitin Guy's da ke Landan ya keɓe ɗakin lantarki, wanda Golding Bird ya riƙe daga 1836. A Faris, Guillaume Duchenne ya gano cewa idan aka jiƙa bakin sandar wuta aka ɗora a fata, ana iya motsa tsoka guda ba tare da an huda jiki ba. Littafinsa na 1855 ya zama ginshiƙi a wannan fage. A Jamus, Wilhelm Erb ya nuna a 1868 cewa tsokar da jijiyarta ta lalace tana amsa wuta ta wata hanya dabam da ta lafiyayyar tsoka. Da wannan aka sami hanyar gane ko cuta a jijiyar gefe take ko a ƙwaƙwalwa. Kafin nan, a 1850, Augustus Waller ya nuna yadda ɓangaren jijiyar da aka yanke daga tushensa yake ruɓewa, Hermann von Helmholtz kuma ya auna gudun saƙo a jijiyar kwaɗo, ya same shi kusan mita 30 a daƙiƙa. A 1864 Marchal de Calvi na Faransa ya bayyana cewa ciwon sukari shi ke jawo lalacewar jijiyoyi, alhali da yawa a da suna zaton akasin haka.

Idan aka auna ribar wannan ƙarni, za a ga lantarki ya fi amfani wajen gano cuta bisa ga warkar da ita. Gwajin gudun saƙo a jijiya, wanda ake yi a manyan asibitoci a yau don tabbatar da wannan cuta, jikan aikin Duchenne da Erb da Helmholtz ne. Ta fuskar jiyya kuwa, tun a shekarun 1880 Paul Möbius, likitan jijiyoyi a Laifzig, ya yi ta nanata cewa mafi yawan sauƙin da ake gani daga zuciyar majiyyaci yake fitowa.

'Yan kasuwa ba su jira a gama wannan muhawara ba. Jaridun Turai da Amurka sun cika da tallar ɗamarar lantarki, da sarƙar lantarki, da matajin lantarki, kowanne ana cewa yana maganin komai, tun daga sanƙo har zuwa raunin mazakuta. Daga cikin waɗanda suka yi suna akwai wata 'yar na'ura mai batir da ake kira Electreat, wadda Charles Willie Kent ya sami takardar mallakarta a 1919. Bayan rahoton Abraham Flexner na 1910, wanda ya sa aka yi wa makarantun likitanci na Amurka garambawul bisa ma'aunin kimiyya, jiyya da lantarki ta rasa martaba a idon likitoci. Dokar 1938 ta ba hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ikon hukunta masu tallar na'urorin jiyya da ƙarya, Kent kuma yana cikin waɗanda aka fara gurfanarwa. Samuwar ƙwayoyin kashe zafi masu araha ta ƙara ture lantarki gefe. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20 ana yi masa kallon sana'ar 'yan damfara.

6.0 Ra'in Ƙofa

Abin da ya dawo da martabar jiyyar shi ne wata maƙala da Ronald Melzack na Kanada da Patrick Wall na Ingila suka buga a mujallar Science a 1965. Kafin su, ana ɗaukar zafi tamkar saƙon waya ne da ke tafiya kai tsaye daga fata zuwa ƙwaƙwalwa. Su kuwa suka ce akwai wata ƙofa a cikin laka. Zaruruwan jijiya iri-iri ne: masu kauri suna ɗauke da saƙon taɓawa da girgiza, sirara kuma suna ɗauke da saƙon zafi. Idan masu kauri suka yi aiki sosai, sai su tura ƙofar ta rufe, saƙon zafi ya ragu kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya yi tuntuɓe yakan murza yatsansa, uwa kuma takan shafa inda ɗanta ya buge. Bincike na baya ya gyara sassa da dama na ra'in, amma tushensa ya tsaya: jiki na da hanyar tace zafi.

Wuta marar ƙarfi ta fi saurin motsa zaruruwa masu kauri. Saboda haka a 1967 Wall da William Sweet suka fara gwada ta a jikinsu, sa'an nan a kan majiyyata takwas, da bugu 100 a daƙiƙa, suka ga zafi ya kwanta yayin da wutar ke aiki, a wasu kuma har bayan an kashe ta da ɗan lokaci. Su da kansu sun kira abin da suka samu ɗaukewar zafi ta wucin gadi. A wannan shekara dai Norman Shealy, likitan tiyata a Amurka, ya dasa wa wani mai cutar kansa waya a bayan laka. Don ya tantance waɗanda dashen zai yi wa amfani, Shealy yakan fara gwada su da wuta ta kan fata, na'urar da ya yi amfani da ita kuwa ita ce Electreat ɗin nan da aka taɓa kai wa kotu. Da aka ga wasu majiyyatan gwajin kaɗai ya wadatar da su, sai kamfanoni suka shiga ƙera ƙananan na'urori masu faifan mannawa a fata a shekarun 1970. Su ne ake kira TENS a yau. Daga ƙarshen shekarun 1990, binciken Kathleen Sluka na Jami'ar Iowa a kan ɓeraye ya nuna wutar tana kuma aiki ta hanyar sinadaran kashe zafi da jiki ke samarwa, kuma idan aka yi ta maimaita ta da ƙarfi ɗaya kullum, jiki yakan saba, amfaninta ya ragu.

7.0 Gwaji a Kan Masu Ciwon Sukari

Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa manya miliyan 589 ne ke da cutar a 2024, kuma an san kusan rabin masu ita sukan sami lalacewar jijiyoyi a tsawon rayuwarsu. Don haka a kansu aka fi gwada jiyyar. A 1997 Kumar da Marshall suka raba majiyyata 31 gida biyu. Cikin 18 da aka yi wa aiki da na'urar gaske, 15 sun sami sauƙi. Cikin 13 da aka manna wa ta bogi, 5 sun ce sun samu. Wannan ya nuna wutar na da tasiri, ya kuma nuna sandunan itacen Haygarth ba su daina aiki ba. A 2010 ƙungiyar likitocin jijiyoyi ta Amurka ta ce ya dace a duba yiwuwar amfani da TENS ga masu zafin jijiya na ciwon sukari, amma ba ta goyi bayan amfani da ita ga daɗaɗɗen ciwon baya ba. A 2017 kuma masanan Cochrane suka tattara bincike 15 da suka ƙunshi mutum 724, suka yanke cewa hujjojin masu rauni ne ƙwarai, saboda ƙarancin mutane da gajartar lokacin gwaji. Akwai wata wahala ta musamman a nan: majiyyaci yana jin tsikarin wuta, saboda haka da wuya a ɓoye masa ko na'urarsa ta gaske ce.

Dashen waya a bayan laka ya fi samun goyon bayan alƙaluma. A 1996 Solomon Tesfaye da abokan aikinsa a Ingila suka gwada shi a kan mutum 10 da ƙwayoyi suka kasa yi wa amfani, 8 suka sami sauƙi. A 2014 aka buga sakamakon gwaji biyu daga Turai, ɗaya na mutum 60, ɗaya na 36, duka sun nuna raguwar zafi, ko da yake a na biyun mutum ɗaya ya rasu sakamakon zubar jini a cikin ƙoƙon kai bayan hudar da aka yi masa. A 2021 aka fitar da gwaji mafi girma, na mutum 216 a Amurka, da wuta mai bugu 10,000 a daƙiƙa. Bayan wata uku, kashi 79 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa dashe sun kai ma'aunin da aka sa, watau zafinsu ya ragu da rabi ko fiye, alhali kashi 5 ne kawai a cikin masu shan magani kaɗai. A watan Yulin wannan shekara hukumar Amurka ta amince da na'urar. Sai dai kamfanin da ya ƙera ta ne ya ɗauki nauyin gwajin, kuma kowane majiyyaci ya san rukunin da yake ciki. Bugu da ƙari, aiki ne na tiyata mai tsada, wanda ke tattare da haɗarin shigar ƙwayoyin cuta da gocewar waya.

8.0 Batun Farfaɗo da Jijiya

Saura tambayar da masu talla suka fi son amsawa da gaggawa: shin wuta na iya rayar da jijiyar da ta lalace? Jijiyar gefe da aka yanke tana iya tsirowa, da gudun kimanin milimita ɗaya a rana. A shekarar 2000 Tessa Gordon da abokan aikinta a Kanada suka nuna cewa idan aka ɗinke jijiyar ɓera, aka sa mata wuta mai bugu 20 a daƙiƙa na sa'a guda, tsirowar takan yi sauri. Daga baya an ga alamun haka a mutanen da aka yi wa tiyatar jijiyar wuyan hannu. Wannan bincike na da muhimmanci, amma ya shafi jijiya guda da ta ji rauni a wuri guda, kuma a lokacin tiyata ake ɗora wayar a kan jijiyar kanta. Lalacewar da ciwon sukari ke jawowa kuwa ta game dubban zaruruwa ne, kuma sanadinta na nan cikin jini dare da rana.

Abin da aka tabbatar yana kare jijiya shi ne kawar da sanadin. Babban gwajin da aka kammala a Amurka da Kanada a 1993, a kan mutum 1,441 masu nau'in ciwon sukari na farko, ya nuna tsananta kula da sukarin jini ya rage aukuwar cutar jijiya da kashi 60 cikin ɗari. Ga masu nau'i na biyu ribar ba ta kai haka ba, amma kula da sukari da hawan jini da nauyin jiki shi ne tushen jiyya. Haka nan mai ƙarancin B12 sinadarin yake bukata, mai kuturta kuma magungunan kashe ƙwayar cutar.

A nan haɗarin rikita sauƙi da warkewa yake. Ƙafar da ji ya ɗauke mata ba ta sanin ƙaya, ko tsakuwa a cikin takalmi, ko zafin ruwan wanka. Ƙaramin rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Wanda na'ura ta kwantar masa da zafi har ya ɗauka ya warke, ya bar shan magani da duba ƙafarsa kullum, ya fi shiga haɗari bisa ga wanda zafin ke tunatar da shi. Daɗin daɗawa, fatar da ba ta ji ba za ta gargaɗi mai ita ba idan wutar ta yi yawa, ra'in ƙofa kuma yana bukatar zaruruwa masu kauri da suka rage da rai kafin ya yi aiki. Shi ya sa likitoci kan manna faifan a sama da inda ji ya ɗauke, su kuma hana ɗora shi a kan miki, ko gaban wuya, ko cikin mai juna biyu, ko jikin wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya.

9.0 Kammalawa

An ga yadda wannan jiyya ta ratsa matakai huɗu: kifi, da kwalba da batir, da faifan mannawa, da wayar dasawa. A kowane mataki kayan aiki sun ƙara inganci, fahimtar yadda jijiya ke aiki ta ƙara zurfi. Abin da Scribonius ya gani a bakin teku, Melzack da Wall sun ba shi bayani bayan ƙarni 19, gwaje-gwajen baya kuma sun auna shi da alƙaluma. Matsayin da aka kai shi ne, wuta ta kan fata hanya ce mai sauƙin haɗari wadda takan rage wa wasu zafi na sa'o'i, hujjarta kuma ba ta yi ƙarfi ba. Dashe kuwa ya fi tasiri, amma na waɗanda sauran magunguna suka gaza a kansu ne. Samun barci ga wanda ƙunar ƙafa ta hana runtsawa ba ƙaramar riba ba ce, kuma don ita kaɗai jiyyar ta cancanci gurbinta a asibiti.

Na'urori masu kama da Electreat suna nan ana tallarsu a kasuwanni da shafukan intanet, da irin alkawuran da aka yi wa mutanen Landan a zamanin Perkins. Tambayoyin da Franklin da Haygarth suka bari su ne ma'aunin da ya kamata a ɗora su a kai: kwana nawa sauƙin ya ɗore, an kwatanta na'urar da ta bogi, kuma me ake yi game da cutar da ta lalata jijiyar tun farko.